Dalilin da Ya Sa Ban Koma Kicin ɗin Mashaya Ba

Ni Bazazzagi ne, kuma na yi shekaru masu yawa ina dafa abinci a wata mashaya da ke arewacin birnin Manchester a ƙasar Ingila. Lokacin da jaridu da gidajen rediyon ƙasar suka cika da muhawara kan ko ya dace mutane su koma mashayarsu bayan kullen korona, na lura cewa kusan duk masu magana suna yi ne a matsayin waɗanda za su zauna a kujera a kawo musu abin da suka saya. Wannan ya ce yana tsoron cunkoso, wancan ya ce ya gaji da zaman gida, wani kuma ya ce zai jira tukuna ya ga yadda makon farko zai kasance. Mu da muke tsaye a gaban murhu da wurin wanke-wanke ba mu da wannan jiran, domin idan aka buɗe ƙofa wa mai saye, to tun da asuba aka buɗe ta wa mai girki, kuma ba a tambaye shi ra'ayinsa ba.

Ya kamata in fara da bayanin yadda na tsinci kaina a wurin, domin na san mai karatu zai tambaya. Na shigo ƙasar da takardar shaidar karatu wadda ba ta samar mini aikin ofis ba, kuma aikin da ya fara buɗe mini shi ne wanke kwanuka a wannan gida. A hankali na koyi yankan nama da haɗa miya irin tasu, har aka ɗora ni a kan murhu. Giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma tun ranar farko na shaida wa manaja cewa ba zan tsaya a wurin zuba ta ba, ba kuma zan ɗauki kofi in kai wa kowa ba. Ya yarda ba tare da gardama ba. Duk da haka, wanda ya san hadisin da ya la'anci giya da mai shanta da mai sayar da ita da mai ɗaukarta, ya san cewa bango ɗaya da ke tsakanin kicin da zauren masu sha ba ya kwantar da hankali gaba ɗaya. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya ma da giya ake kwaɓa shi, sai dai abokin aikina ne yake kwaɓawa. Na tambayi malamai, wani ya ce lalura ce in ci gaba har in sami wani aikin, wani ya ce in bari nan take. Na ɗauki maganar na farkon, domin akwai kuɗin haya, akwai yara, akwai kuma Inna da ƙannena a Zariya da ke duban hanya a ƙarshen kowane wata.

Zan kuma faɗi abin da na gani da idona game da waɗannan wurare, saboda mutanenmu da yawa suna ɗaukar mashayar Turawa tamkar gidan burkutu ne kawai inda ake buguwa a yi faɗa. Akwai wannan, musamman daren Juma'a da Asabar. Amma da rana wurin ya fi kama da majalisar da dattawan unguwa suke kafawa a ƙofar gida bayan La'asar, in ban da cewa sanyi da ruwan sama sun tilasta wa tasu majalisar shiga cikin ɗaki. A nan ake walimar suna da ta biki, a nan ake taruwa bayan jana'iza, a nan ake kallon ƙwallo, a nan mai neman magini ko mai gyaran famfo yake samun wanda zai yi masa aiki. Akwai wani tsoho, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, wanda kullum da tsakar rana zai zo ya zauna a kujera ɗaya kusa da taga, ya ci nama da dankali da aka kirɓa, ya yi hira da duk wanda ya gifta. Ya taɓa gaya mini cewa idan bai zo ba, to ranar ba zai yi magana da ɗan Adam ba har ya kwanta.

A yammacin Juma'a 20 ga Maris 2020 Firaminista Boris Johnson ya umarci mashaya da gidajen abinci su rufe a wannan daren. Lahadin da ke biye, 22 ga wata, ita ce Ranar Iyaye Mata a Birtaniya, ɗaya daga cikin ranakun da muka fi ciniki a shekara, kuma mun riga mun cika ɗakin sanyi da naman sa da kaji da kayan lambu saboda ita. Manaja ya raba mana abin da za a iya ɗauka, sauran muka dafa muka kai wa tsofaffin unguwa. A 23 ga wata aka kulle ƙasar baki ɗaya. Gwamnati ta ɗauki nauyin biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, har zuwa fam 2,500 a wata, kuma wannan tsari na Ministan Kuɗi Rishi Sunak shi ya hana mu faɗawa cikin yunwa. Sai dai wanda albashinsa bai yi nisa da mafi ƙarancin lada ba, wato fam 8.72 a awa a wancan lokaci, kashi ɗaya cikin biyar ɗin da aka cire shi ne daidai abin da yake aikawa gida. Ɗan kyautar da masu cin abinci suke bari a raba mana kuwa ba ta shiga lissafin ba.

A watannin nan uwargida ce ta ci gaba da fita, domin tana aikin kula da tsofaffi a wani gida. Takan dawo ta tuɓe kayan aikinta a bakin ƙofa, ta wuce wanka kafin ta bari yara su taɓa ta. Ni kuma ina da ciwon suga, kuma labaran da ke fitowa ba su da daɗi ga irinmu. Likitocin farko da cutar ta kashe a ƙasar baƙi ne irina, cikinsu har da Dakta Alfa Saadu, ɗan Pategi a jihar Kwara, wanda ya rasu a ƙarshen Maris yana da shekara 68 bayan ya ci gaba da duba marasa lafiya duk da ya yi ritaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da jerin sana'o'in da maza suka fi mutuwa a cikinsu, sai ga masu gadi, da direbobin tasi da na bas, da masu dafa abinci. A watan Yuni hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta tabbatar da cewa baƙar fata da 'yan asalin Asiya sun fi farar fata shiga haɗari. Duk inda na duba a cikin jerin nan sai in ga kaina.

Duk da haka, da aka ce a buɗe ranar Asabar 4 ga Yuli, na koma. Uwargida ta ce mini, "Malam, ka nemi a ƙara maka lokaci mana, ka gaya musu halin lafiyarka." Na ce mata idan mai wuri ya kira ka ka ƙi zuwa, tallafin ma yana iya tsayawa, kuma akwai mutum goma da ke jiran murhun. A zaure an yi gyara sosai: an rage teburori, an manna alamun tafiya a ƙasa, an sa gilashi a gaban mai karɓar kuɗi, kuma duk wanda ya shigo sai ya bar sunansa da lambar wayarsa, a ajiye har kwana 21 ko da za a neme shi. An rage tazarar da ake buƙata daga mita biyu zuwa mita ɗaya da ƙarin kariya. A kicin kuwa ko rabin mita ba mu da shi. Tsakanin murhu da teburin yanka, idan mutum zai wuce da tukunya sai ya goge bayan ɗan'uwansa, taga ɗaya ce ƙarama, ƙarar injin zuƙe hayaƙi kuma tana sa dole mu riƙa ɗaga murya a kunnen juna. Takunkumin fuska yakan jiƙe sharkaf da gumi cikin ɗan lokaci, mutum ya ja shi ƙasa don ya ɗanɗana miya, ya manta bai mayar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan shekara ya faru ne a jajiberin Babbar Sallah. A daren Alhamis 30 ga Yuli, bayan mun sayi nama, an yi wa yara kitso da aski, mun shirya za mu wuni a gidan wani ɗan'uwanmu Bakano, sai Ministan Lafiya Matt Hancock ya sanar a Twitter cewa daga tsakar dare an hana mutanen gidaje daban-daban haɗuwa a cikin gida ko a tsakar gida a duk yankin Manchester da wasu sassan Lancashire da Yorkshire ta Yamma. Mashaya kuwa aka bar su a buɗe. Washegari, ranar Sallah, na bar iyalina su kaɗai da tukunyar naman da aka dafa don mutum da yawa, na tafi na wuni ina soya kifi wa zaure cike da mutane. Umarnin hukuma ya ce kada 'yan gidaje daban-daban su cakuɗa a can ɗin ma, amma babu ma'aikacin da zai tsaya a kan tebur yana tambayar manya ko gida ɗaya suke kwana. Ban ce an yi hakan don a ƙuntata wa Musulmi ba, domin cutar tana ƙaruwa da gaske a yankin, kuma hujjar hukuma ita ce a cikin gidaje aka fi ɗaukarta. Amma a ranar na fahimci cewa wurin da kuɗi ke shiga shi ake bari a buɗe, ko da kuwa haɗarin bai bambanta sosai ba.

Watan Agusta ya zo da shirin gwamnati na biyan rabin kuɗin abinci, har fam 10 ga kowane mutum, daga Litinin zuwa Laraba. Ranakun da a da muke samun sarari mu goge murhu su ne suka zama mafi wahala, takardun oda suna fitowa daga na'ura har suna zuba ƙasa. Daga baya wani bincike na Jami'ar Warwick ya danganta kashi 8 zuwa 17 cikin 100 na sababbin ɓarkewar cutar a lokacin da wannan shiri, abin da bai ba kowa mamaki a kicin ɗinmu ba. Daga nan dokoki suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. A 24 ga Satumba aka ce a rufe da ƙarfe 10 na dare, sai ya zamana duk mashayan gari suna fitowa titi a lokaci guda, mu cika jirgin ƙasa na cikin gari tare da su kafaɗa da kafaɗa. A watan Oktoba Magajin Garin yankin, Andy Burnham, ya yi ta ja da gwamnati kan cewa kashi biyu cikin uku na albashi ba zai riƙe ƙaramin ma'aikaci ba idan an sake rufe masa wurin aiki, amma a 23 ga wata aka sa yankin a mataki na uku, mafi tsanani cikin matakan kulle na lokacin, inda ba a yarda a sayar da giya ba sai tare da cikakken abinci. Sakamakon haka mutane suka riƙa sayen abincin da ba sa so don a ba su abin da suke so, mu dafa, ya dawo kusan yadda ya tafi, mu zuba a shara. Ga wanda ya taso a gidan da ba a zubar da ƙanzo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A cikin waɗannan kwanaki ne na kwanta. Wani yaro da ke taya mu wanke-wanke ya zo aiki yana tari, kuma ban ga laifinsa ba, domin kuɗin da doka ta tanada wa ma'aikacin da ya kwanta ciwo fam 95.85 ne a mako, wanda ko ɗakin da yake haya ba zai biya ba. Zazzaɓi ya rufe ni, sugana ya hau, numfashi ya yi mini nauyi har in na tashi daga gado zuwa banɗaki sai na tsaya na dafa bango. Uwargida ta killace kanta tare da mu, ta kwana tana duba ɗan abin auna iskar jini da aka maƙala mini a yatsa, da lambar motar asibiti a shirye a wayarta. Allah Ya sa ban kai ga kwanciya a asibiti ba. Amma da zazzaɓin ya sauka sai na tarar hancina da harshena sun mutu. An kawo mini miyar kuka da daddawa da man shanu, na kai baki na ji tamkar ruwan ɗumi. Bayan wasu watanni ƙanshi ya fara dawowa a karkace: albasa a cikin mai, wadda ita ce farkon kusan kowane girki, sai ta riƙa yi mini warin abin da ya ruɓe, naman da ake gasawa kuma ya yi ƙaurin roba. Mai girkin da ba ya jin gishiri sai dai ya dogara da awo da kuma bakin wani.

An sake kulle ƙasar a 5 ga Nuwamba, kuma a yankinmu mashaya ba su ƙara karɓar masu zama ba har bazarar shekara mai zuwa. A ƙarshen Janairun 2021 adadin waɗanda suka mutu a Birtaniya ya haura 100,000. Da aka kai ga masu ciwo irin nawa a watan Fabrairu na je aka yi mini allurar riga-kafi, duk da saƙonnin da Yaya yake turo mini ta WhatsApp yana tuna mini gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996. Tsoronsa yana da tushe, kuma ban raina shi ba, amma na ce masa, "Yaya, wanda ya ɗanɗana cutar nan ba ya tsayawa dogon tunani a kan allura."

Wannan dogon zama na biyu shi ya canja mini lissafi, kuma ba ta fuskar tsoro kaɗai ba. A duk shekarun da na yi a kicin, ina fita kafin yara su dawo daga makaranta, in dawo sun yi barci, Asabar da Lahadi kuwa su ne ranakun da aka fi bukatata. Sai a kulle na zauna na ji karatun babbar 'yata, na gane cewa Hausarta ta kusa ƙarewa, ƙaramin kuma Fatiha ma a bakin mahaifiyarsa ya koya ba a nawa ba. Na sallaci Magariba da Isha a kan lokaci tare da su, abin da a da sai dai in haɗa su a ɗakin ajiyar kaya a kan kwali, ina sauri kafin a kira ni. Maganar malamin da ya ce in ci gaba har in sami wani aikin ta dawo mini da ƙarfi, domin sharaɗin da ya gindaya shi ne in riƙa nema, kuma yanzu ga lokacin neman ya samu.

Da aka sanar cewa za a buɗe farfajiyar mashaya ranar Litinin 12 ga Afrilu, masu zama a waje kawai, mutum shida ko gida biyu a tebur, manaja ya kira ni tun da wuri. Azumi zai kama washegarin ranar, kuma a Manchester a wannan wata rana tana faɗuwa ne wajen ƙarfe 8, daidai lokacin da oda ta fi yawa. Na roƙe shi ya bar ni a kan tallafin gwamnati zuwa bayan Sallah, ya amince, domin teburorin waje ba su da yawa kuma an taƙaita abincin da ake dafawa. Na dai leƙa wurin da rana don in kwashe wuƙaƙena. Sanyi ake yi mai tsanani a makon, har ƙanƙara ta zuba a wasu sassan ƙasar, amma ga mutane zaune a ƙarƙashin rumfa cikin manyan riguna. Tsohon nan na bakin taga yana cikinsu, ya rame ƙwarai, an rufa masa bargo a gwiwa, yana ta magana da yarinyar da ta kawo masa abinci har ta rasa yadda za ta tafi. An yi masa allura biyu, kuma ya yi wata da watanni ba ya ganin kowa sai mai kawo masa cefane. Duk mai cewa komawa mashaya a lokacin rashin hankali ne, da ya ga wannan mutum da ya sassauta harshensa. A ganina, wanda aka yi wa riga-kafi, ya zauna a waje inda iska ke kaɗawa, ya fi mai girkin da ke ciki samun kariya nesa ba kusa ba, kuma kaɗaici ma yana kashe tsofaffi.

Ni dai a cikin azumin na cika takardun neman aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, aka binciki tarihina kamar yadda ake yi wa duk mai aiki kusa da yara, aka ɗauke ni. Kafin a buɗe cikin zaure a 17 ga Mayu na je na sami manaja na ba shi takardar barin aiki. Bai ji daɗi ba, kuma yana da dalili: ma'aikata da yawa 'yan ƙasashen Turai sun koma gida bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da kuma annobar, wasu sun koma aikin rumbunan kaya da kai saƙo, har masu mashaya suka shiga neman masu girki ruwa a jallo. Ya yi mini tayin ƙarin albashin da na yi shekaru ina nema ban samu ba. Na gode masa, domin mutumin kirki ne wanda bai taɓa wulaƙanta addinina ba, na kuma tsaya na nuna wa wanda zai gaje ni yadda murhun yake da inda yake ƙona abinci idan ba a kula ba.

Aikin makarantar bai kai na mashaya kuɗi ba, awoyinsa kaɗan ne, kuma albashin na lokacin karatu ne kawai ake rarraba shi a kan watannin shekara. Abin da nake aika wa Inna ya ragu, sai da na kira ta na yi mata bayani, ta ce, "Ai gara kaɗan ɗin da hankalinka ya kwanta da shi." Don cike giɓin nakan yi tsire da dambun nama a ƙarshen mako wa 'yan Najeriya da 'yan Nijar da ke yin suna ko walima, uwargida tana ɗanɗana mini yaji saboda har yanzu harshena bai gama dawowa daidai ba. A watan Yuli, lokacin gasar ƙwallon Turai da Ingila ta kai wasan ƙarshe, manhajar waya ta hukumar lafiya, mai bin sawun waɗanda suka kusanci masu korona, ta riƙa umartar ma'aikata da yawa su killace kansu, har mashayar ta rufe kicin na wasu kwanaki saboda babu mai girki. Manaja ya sake kirana ya ce ko dare biyu ne in zo in taimaka, zai biya ni ninki. Na ba shi haƙuri, na tura masa lambar wani ɗan Ghana da na san yana neman aiki kuma ya iya murhu, shi ne yake riƙe da wurin har yanzu.